Me ya sa sai yaro ya bar gida muke sanin sunansa?

Na Kurna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. A nan duk wanda ka taɓa zai jero maka 'yan wasan Arsenal ko Madrid har da na benci, ya gaya maka wanda ya ji rauni da ranar da zai dawo. Amma ka ce masa wace ƙungiya ce ta ɗauki kofin ƙaramar hukumarsu bara, sai ya yi shiru. Filin nan kuwa a bayan gidansu yake, kyauta ake kallo.

Ku duba Zaidu Sanusi. Ɗan Jega ne a jihar Kebbi, a can ya fara. Ya je Fotugal ya sha fama a ƙaramar ƙungiya irin Mirandela, ya hau Santa Clara, Porto ta saye shi a 2020. A watan Mayun 2022 shi ya ci Benfica a mintin ƙarshe, ƙwallon da ta ba Porto kofin ƙasar. A ranar kowa ya ce ɗanmu ne, ɗan Arewa ne. To lokacin da yake buga ƙwallo a Jega mu nawa muka san da shi? Haka Alhassan Yusuf, yaron Kano, ya tafi Göteborg a Suwidin, ya koma Antwerp ya ci kofin Beljiyam a 2023. Da yawanmu a Kanon sai da aka kira shi Super Eagles a gasar Afirka ta Kwaddibuwa muka fara tambaya ɗan wace unguwa ne.

Shawarata: kowane ƙarshen mako, duk wanda ya je kallon wasan unguwa ko na gasar jiha ya rubuto mana a nan. Su wa suka buga, nawa aka tashi, wa ya ci, wane yaro ne ya burge shi. Me kuka gani?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Malam Na Kurna, niyyarka mai kyau ce, amma kar ka ɗora wa 'yan kallo laifin duka. Ni na kasance ba na fashin zuwa fili. Abin da ya kore ni shi ne rigima. A sa wasa ƙarfe huɗu, ba za a take ba sai biyar da rabi, magariba ta riske ku ba a gama ba. Alƙalin wasa ya busa fenariti, magoya baya su shigo fili da sanduna. Mai iyali ba zai ɗauki ɗansa ya kai shi wurin da ake jifa ba. A gidan kallo kuwa ka biya kuɗinka ka zauna a benci, ana take wasa a kan lokaci.

Koci Mai Usur: Salamu alaikum. Ni na fi shekara ashirin ina horar da yara, don haka bari in faɗi abin da nake gani daga ciki.

Maganar Baban Khalifa gaskiya ce, amma rigimar nan tana yawa ne inda babu manya a bakin fili. Duk ranar da dattawan unguwa biyu ko uku suka zo suka zauna a kujera, ko mai unguwa ya turo wakili, yaran nan ba sa iya ɗaga murya. Da manya suka janye suka koma gidan kallo, sai fili ya zama na masu caca da masu shaye-shaye. Mu da muke tsaye a wurin mu muke shan wahalarsu.

Kuma ku san yadda muke rayuwa. Ƙwallo ɗaya muke lallaɓawa har ta yi faci uku. Riga kala ɗaya ce, idan abokan karawa suka zo da irinta sai mu juya tamu ciki ya koma waje. Ranar wasan waje kowane yaro ya kawo abin da ya samu, in cika sauran daga aljihuna mu ɗauki bas. Ruwan leda da lemon zaƙi na hutun rabin lokaci ma karo-karo ne. Yaro ya karye a fili, ni zan kai shi wurin mai ɗori, ni zan je in fuskanci uwarsa. Filin da muka fara atisaye a kansa yanzu shaguna ne, mun koma aron filin makarantar firamare, sai an tashi ɗalibai.

Duk wannan ban taɓa kuka da shi ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ka raini yaro tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ka koya masa tsayar da ƙwallo da ƙafar hagu, rana ɗaya wani ya zo da mota ya ɗauke shi zuwa wata makarantar ƙwallo a Abuja ko Legas, a rubuta sunansa a matsayin nasu. In Allah ya ɗaga shi, sunanka ko a baki ba zai fito ba.

Na Kurna: Allah ya saka da alheri, Koci. Wannan ita ce irin maganar da nake son mu ji.

Lauyan Zaure: Koci, ranka ya daɗe, wannan abu na ƙarshe da ka faɗa akwai doka a kansa, kuma dokar tana bayanka. Matsalar ita ce takarda.

A ƙa'idar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa yana cikin kwantiragi daga ƙungiyar wata ƙasa zuwa ta wata ƙasa, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekarun farko guda huɗu, wato 12 zuwa 15, kowace shekara tana da rubu'in kashi ɗaya. Daga 16 zuwa 23 kowace shekara rabin kashi ɗaya. Mu ƙaddara an sayar da yaronka Yuro miliyan 10, kuma yana hannunka daga 12 zuwa 15. Haƙƙinka kashi 1 ne, Yuro 100,000. Kuma ba sau ɗaya ba ne, duk lokacin da aka sake irin wannan cinikin sai an sake cirewa. Ban da wannan akwai kuɗin raino da ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru a waje.

To ta yaya za a san yana hannunka? Kowane ɗan wasa yana da takardar tarihi da hukumar ƙwallon ƙasarsa take cikewa, mai nuna ƙungiyoyin da ya yi rajista da su shekara bayan shekara. Tun ƙarshen 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da kuɗin nan suke bi ta cikinsa, kuma abin da ke cikin rajistar kwamfuta shi suke dubawa. Idan ƙungiyarka ba ta da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, ko tana da ita amma ba ka shigar da sunan yaron ba, shekarun nan za su fito babu kowa a kansu, ko su fito da sunan wanda ya ɗauke shi da mota. Hoton da kuka ɗauka tare a bakin fili ba zai wadatar ba.

Koci Mai Usur: Ƙungiyar tana da rajista. Yaran ne ban taɓa shigar da su ɗaya bayan ɗaya ba sai in za mu shiga gasa. Mu abin da muka sani kenan, lasin na gasa.

Lauyan Zaure: To daga nan za ka fara. Kuma ka sa iyaye su sa hannu, da takardar haihuwa ta gaskiya.

Sarkin Yaƙin Masu Gida: Ni fa ina ganin kuna kewaye-kewaye. Tsani yana nan, mu ne muka raina shi. Daga unguwa a shiga gasar jiha, daga nan gasar ƙasa ta rukuni na uku wato NLO, sai ta rukuni na biyu wato NNL, sai Firimiyar Najeriya. Ahmed Musa a ƙwallon gida ya fara. Daga Jos ya zo Kano Pillars, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, a lokacin babu wanda ya taɓa cin haka a kaka ɗaya. Mu da muke Ƙofar Mata mun san shi kafin Holan ta san shi. Shehu Abdullahi daga Sakkwato ya zo Pillars ya ci kofi kafin ya fita. Da muna cika filin Sani Abacha muka ɗauki Firimiya a 2008, muka jera 2012, 2013 da 2014. Kar a ce ba a kallon ƙwallon gida, a Kano dai ana kallo. Sai masu gida!

Na Kurna: Sarkin Yaƙi, ba Pillars nake nufi ba. Pillars ai sama ce. Wanda ya kai Pillars ya riga ya tsallake. Ina maganar matakala biyu ko uku da ke ƙasa da ita, inda yaro yake buga wasa babu mai rubuta ko sunansa. Ka san adadin ƙwallayen Ahmed Musa a Pillars saboda an rubuta. Nawa ya ci a unguwarsu a Jos kafin nan?

Sarkin Yaƙin Masu Gida: Na ji wannan. Amma ina da ƙari. Ba kowane yaro ne zai je Turai ba, kuma ba dole ne sai ya je ba. Rabi'u Ali Pele a gida ya yi rayuwarsa ta ƙwallo, ya buga wa Najeriya gasar 'yan wasan cikin gida, yana cikin waɗanda suka farke ƙwallo uku suka doke Maroko 4 da 3 a 2014. Yau a Kano wa ya fi shi daraja? Ku daina sa wa yara a rai cewa in ba su hau jirgi ba sun faɗi.

Maman Walid: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in sa baki, ni uwa ce. Ɗana shekararsa sha biyar, ɗan tsakiya ne, kocinsu yana yabonsa. Kwanakin baya wani mutum ya same shi a fili, ya biyo shi har gida, ya ce zai kai shi gwaji Turai, mu kawo kuɗin biza da na jirgi. Ya nuna mana takarda mai tambarin wata ƙungiya a wayarsa. Mahaifinsa har ya fara maganar sayar da fili. Ni hankalina bai kwanta ba, yaron kuma ya daina cin abinci saboda na ce a dakata. Me za ku ce mini?

Lauyan Zaure: Hajiya, kar ku sayar da komai. FIFA ta hana a mayar da yaro ƙasa da shekara 18 zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar iyaye su ƙaura saboda dalilin da ba na ƙwallo ba. Ahmed Musa da aka ambata yanzu, an gama cinikinsa da VVV Venlo amma sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga musu. Wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Najeriya kenan a shekarar. Ɗan sha biyar ko ya burge su babu ƙungiyar da za ta iya yi masa rajista. Kuma ƙungiyar da take son yaro da gaske ita take biyan jirgi da masauki. Ku ce wa mutumin ya ba ku lambar lasinsa na dillancin 'yan wasa, FIFA tana wallafa sunayen masu lasin a shafinta. Ku ga ko zai dawo.

Koci Mai Usur: Hajiya, ki riƙe maganar Lauya. Na ga yaro da idona wanda aka kai wata ƙasa aka ajiye shi a ɗaki da wasu su takwas, dillalin ya kashe waya. Da kyar 'yan'uwa suka haɗa kuɗin dawo da shi, ya dawo ba ƙwallo ba makaranta, gonar kuma ta tafi. Ki ce wa Walid ya gama sakandare, ya nemi shiga tawagar jiha. Ana yin Kofin Ramat a Kano na matasa daga jihohi, masu neman 'yan wasa na gaskiya suna zuwa irin waɗannan wuraren. Idan yana da ƙafa za a gan shi ba tare da kun biya ko sisi ba. In kin yarda ki turo shi wurina ranar Asabar in yi masa magana, yara sun fi jin ta bakin koci.

Maman Walid: Na gode ƙwarai, Allah ya raya muku zuri'a. Zan nuna wa babansa wannan.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Ina karanta ku tun ɗazu, kuma ina so in ce abin da Malam Na Kurna yake nema mu muna da shi, amma a kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa ake yin ta. Jihohi takwas, kowace ta kawo 'yan kokowa goma. Kafin a kai nan sai an yi zaɓe tun daga ƙauyuka, a zo gunduma, a zo jiha. Saboda haka ranar da yaro ya shiga fili da sunan Damagaram ko Maraɗi, mutanen garinsu sun san wa ya kayar kafin ya zo nan, sun san ubansa, sun san wanda ya koya masa. In ana gasar kasuwa takan yi sanyi, kowa yana jikin rediyo ko talabijin. Issaka Issaka na Doso bai taɓa buƙatar zuwa Turai ba kafin ƙasa duka ta san shi.

Abin da ya sa ta yi ƙarfi shi ne lokacinta sananne ne, matakanta sanannu ne, kuma 'yan jarida suna bin ta da harshen da mutane ke ji. A ƙwallo mu ma ciwonmu irin naku ne. Ko Abdoul Razak Alfaga, sai da ya ciyo azurfa a tekwando a Rio a 2016 sannan da yawa suka san ana wannan wasa a Yamai. Kafin shi lambar Olamfik ɗaya tak muke da ita, tagullar Issaka Daboré a damben zamani a 1972.

Baban Khalifa: Ɗan Damagaram ya taɓo wani abu. Mu ma a dambe haka ne. Je ka gidan dambe na Ado Bayero Square ka ga yadda ake sanin ɗan Kudu da ɗan Arewa da Guramada, wa ya kashe wa, a wane gari. Makaɗa da 'yan kallo su ne suke riƙe tarihin. Yanzu da masu ɗauka a waya suna sawa a YouTube har ƙasashen waje ana kallo. Ƙwallon unguwa ce ba ta da mai yi mata wannan.

Bakatsine: Duk kun bar babbar matsalar. Ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba, in aka zo zaɓen 'yan wasan ƙasa ba a ɗaukar namu. Sai kana da uban gida a sama.

Zazzau Ta Gode: Ɗan'uwa, son kai yana nan, ba na musu. Amma kar mu fake da shi. Kaduna ta ba da Tijjani Babangida da Garba Lawal, suna cikin waɗanda suka ciyo zinare a Atlanta a 1996. A 2013 da muka ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17, kocin Manu Garba ne, kyaftin ɗin Musa Muhammed ɗan Kano. A Rio da aka doke Honduras 3 da 2 aka samu tagulla, Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya, Shehu Abdullahi yana cikin tawagar. In yaro ya fito fili an gan shi, ana ɗauka.

Inda muke cutar kanmu shi ne shekaru. Yaro ya kai ashirin da biyu ana ɓoye shi a unguwa, sai an ji za a yi gwajin 'yan ƙasa da 17 a je a yanko masa takarda. Yanzu kuwa na'ura ake sa wa a wuyan hannu a duba ƙashi. A 2016 'yan wasa 26 aka sallama daga sansanin Golden Eaglets, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, bayan wannan gwajin, ana dab da wasa da Nijar.

Ɗan Damagaram: Muna tune. Kun ci mu 1 da nema a Abuja, muka ci ku 3 da 1 a Yamai, kuna riƙe da kofin duniya a lokacin. Daga nan yaranmu suka wuce har gasar duniya a Indiya a 2017.

Zazzau Ta Gode: To ka gani. Da a ce tun yaro yana sha biyu sunansa da ranar haihuwarsa suna rubuce a gasar unguwa, kowa yana gani, babu mai iya rage masa shekara biyar daga baya. Rubutun da Na Kurna yake magana ba don nishaɗi kaɗai ba ne.

Bakatsine: Ban gamsu duka ba. Waɗanda ka lissafa nawa ne a cikin shekara talatin? Amma maganar shekaru gaskiya ce.

Malama 'Yar Tsere: Ina koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata. Tun da aka fara zancen nan ƙwallon ƙafa ta maza kawai ake yi. Ina da ɗalibai masu gudu da masu ƙwallon hannu da za su iya wakiltar jiha, amma daga gasar gidaje ta makaranta shi kenan, babu mataki na gaba da iyaye za su yarda da shi. In za ku riƙa rubuta sakamako, ku sa da na makarantu.

Kuma ku tuna da 'yan wasan Kano da suka rasu a ƙarshen watan Mayun 2025, suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun, motarsu ta faɗa daga gada sun kusa isowa gida. Mutum fiye da ashirin. Jiha suka je wakilta. Mu nawa muka san sunayensu ko wasan da kowannensu yake yi kafin ranar? Na yi kuka da na ga hotunansu, don wasunsu sa'o'in ɗalibaina ne. Allah ya jiƙansu da rahama.

Na Kurna: Amin ya Allah. Malama, kin yi gaskiya, na makarantu ma a kawo, da gudu da ƙwallon kwando da langa da duk abin da ake yi.

Baban Khalifa: Amin. Ni sharaɗina ɗaya. Duk wanda zai rubuto ya rubuta har da abin da ya faru na rashin daɗi. In an doki alƙali a faɗa, a ambaci ƙungiyar. In ba haka ba za mu zama masu yabon 'yan unguwarmu kawai.

Lauyan Zaure: A ambaci ƙungiya, amma yaran da ba su kai sha takwas ba kar a sa hotonsu ko unguwarsu sai da izinin iyaye. Irin mutumin da ya je gidan Hajiya a irin waɗannan zaurukan suke farauta.

Koci Mai Usur: Muna da wasa ranar Asabar ƙarfe huɗu a filin firamare, 'yan ƙasa da sha biyar. Ni ina kan layi ba zan iya rubutu ba. Na Kurna, in za ka zo ka zo da biro da takarda, zan ba ka sunayen tun kafin a take. Baban Khalifa, kai ma ka zo da Khalifa, zan ajiye muku kujera kusa da ni. Lauya, in na je ofishin hukumar ƙwallo ranar Litinin, takardar haihuwa ta asibiti za ta yi, ko sai ta hukumar ƙidaya?

Lauyan Zaure: Ka tafi da ta hukumar ƙidaya, ita ce aka fi karɓa. Wanda ba shi da ita a fara nema masa tun yanzu. Ka haɗa da hotuna da takardar yardar iyaye, kuma duk abin da ka miƙa ka riƙe kwafinsa a gida.